Daga Madawa, Buza ko Keita zuwa jami'ar Tawa: abin da iyali za su lissafa kafin ɗalibi ya ɗaura kaya

Kowace shekara, da zarar sakamakon bakaloriya ya fito, gidaje da dama a Madawa, Buza da Keita suna zaman shawara iri ɗaya: ina yaro ko yarinya za su je karatu, wa zai riƙe su a can, kuma da wane kuɗi. Ga ɗan Keita da ɗan Buza, amsar farko ita ce Tawa, babban birnin jiha, wanda ke da jami'arsa tun 2010. Ɗan Madawa kuwa yana tsakanin biyu, domin Maraɗi ma ba ta da nisa da shi. Kusancin Tawa yana sa iyaye da yawa su ɗauki tafiyar kamar zuwa cin kasuwa, alhali ƙaura ce ta aƙalla shekara 3. Abin da ya fi kayar da ɗalibai a shekarar farko shi ne masauki da kuma lokacin da kuɗi ke shigowa gida, wanda bai cika dacewa da lokacin da makaranta ke buƙatarsa ba.

Yaushe Tawa ta zama garin jami'a?

Shekaru da yawa, ɗan Adar da ya samu bakaloriya ba shi da jami'ar gwamnati da zai nufa a cikin ƙasa sai ta Yamai, wadda aka kafa a 1971 kuma take ɗauke da sunan Abdou Moumouni a yau. Tafiya ce ta kilomita 500 ko fiye, zuwa garin da Zabarmanci ke gogayya da Hausa a kasuwa, inda haya da abinci suke da tsada. An fara rage wannan nisa da buɗe makarantun fasaha na IUT a Tawa, Maraɗi da Damagaram. A 2010, zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo, aka kafa cikakkun jami'o'i a waɗannan birane uku. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Diffa, Dosso da Tilaberi.

Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa bincike a 1975 kan ƙasar Adar kafin zuwan Turawa. An fi saninta da sashen shari'a, tattalin arziki da gudanarwa. Akwai kuma sashen ilmin koyarwa, da na aikin gona, da IUT. Wanda ke son likitanci zai tarar da tsofaffin sassan wannan fanni a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Don haka tambayar farko ita ce ko fannin da ɗalibi ke so yana Tawa. Shiga sashen shari'a don kawai yana kusa da gida, ba tare da sha'awa ba, hanya ce ta ɓata shekara guda.

Tsarin karatun shi ne wanda ake kira LMD: lisans shekara 3, masta shekara 2, digirin dakta shekara 3. An raba shekara zango biyu, kowane da jarrabawarsa. Ko da yake dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, darussa da jarrabawa a jami'a da Faransanci ake yin su, kuma ɗalibin da ya fito da raunin rubutu daga lise zai ji a jikinsa tun zangon farko.

Wane irin gari ne?

Tawa gari ne matsakaici. Ƙidayar 2012 ta same shi da mutane fiye da 100,000, kuma ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Tushensa tsofaffin unguwanni ne biyu, Bilbis da Fakuwa, sauran kuma suka yi ta bazuwa a kewaye. Bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, ya bar wa garin sababbin tituna da gine-gine. Birnin yana bakin iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, shi ya sa a kasuwar Lahadi za ka ga Bahaushe da Ba'abzine da Bafulatani da Balarabe suna ciniki wuri ɗaya, ga cuku daga arewa, ga kifin tafkin Tabalak, ga albasar kwaruruka.

Duwatsun da ake magana su ne na Adar Dutsi, waɗanda suka shimfiɗu gabas da kudu maso gabashin birnin. Ba su kai tsaunukan Ayar ba, inda ƙololuwar Bagzan ta haura mita 2,000. Tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai da ruwa ya yayyanka, ya bar kwaruruka masu ƙasa mai kyau irin na Keita, na Badagishiri da na Majiya. Ɗan Buza ko Keita ya san su fiye da ɗan birni, domin a cikinsu ya tashi. Abin da zai iske sabo shi ne zaman garin da ba shi da gona ko rijiya ko rumbu a ciki, inda komai sai an saya.

Yanayin bai bambanta da na gida ba. Ruwan sama kaɗan ne, daga Yuni zuwa Satumba. Sanyi da hazo suna sauka a Disamba da Janairu, zafi kuma yana wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, watannin da karatu ya fi yin nauyi. Ɗakin kwano marar rufin ciki, wanda ya yi arha a Nuwamba, ba ya zaunuwa a Afrilu.

Hanyoyi biyu

Daga Madawa ana iya bin babbar hanya ta Galmi da Malbaza zuwa mararrabar Tsarnawa, sannan a yi arewa ta Badagishiri. Ita ce hanyar manyan motocin kamfanoni. Ɗaya hanyar ita ce ta cikin duwatsu, ta Buza, Keita da Tamaske, wadda ƙananan motocin haya suka fi bi. Daga Keita zuwa Tawa kimanin kilomita 70 ne. Da damina, ƙoramu suna cikowa cikin ɗan lokaci bayan ruwa ya sauka a kan tuddai, mota ta tsaya tana jiran ruwa ya janye. Wanda ke da ranar jarrabawa ko ranar rufe rajista a Yuli ko Agusta, gara ya tashi da kwana guda a gaba.

Batun tsaro ma ya shiga lissafi. An sa gundumomin Tiliya da Tasara a arewacin jihar ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, kuma ƙauyukan da ke bakin iyaka da Najeriya a kudancin Madawa suna fama da ƴan bindiga masu satar mutane da dabbobi. Akwai kuma shingayen bincike a hanya. A yi tafiya da rana, katin shaida a aljihu.

Kalanda uku da ba su haɗu ba

Nan ne asalin matsalar. Rayuwar ɗalibin da ya fito daga waɗannan gundumomi tana rataye da kalanda uku, kowace da tafiyarta.

Ta farko ita ce ta jami'a. Bisa tsari, shekara tana farawa bayan damina ta ƙare kafin wata daminar. A aikace, jami'o'in gwamnati a Nijar sun sha fama da shekaru masu hawa kan juna, saboda yajin aikin malamai, da ƙauracewar ɗalibai, da ƙarancin ɗakunan karatu. A 2019, alal misali, ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta shafe watanni tana takun-saƙa da gwamnati kan yadda ake naɗa shugabannin jami'o'i. Idan haka ta faru, lisans ɗin da aka lissafa wa shekara 3 yana iya cin fiye da haka, kuma kuɗin haya ba ya tsayawa don an daina karatu.

Ta biyu ita ce ta gwamnati. Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu, wato burs, da kuma taimakon da ake bai wa wasu daga cikin waɗanda ba su samu burs ba. Ba duk wanda ya ci bakaloriya ke samu ba: ana duba maki da shekarun haihuwa, sai an kai takardu, sai suna ya fito a jeri. Wanda ya samu ma ba ya karɓa ranar da ya sauka daga mota. Biyan bashin burs yana cikin buƙatun da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta fi maimaitawa shekara da shekaru. Iyalin da suka gina lissafinsu kan cewa gwamnati za ta ciyar da yaro tun watan farko sun gina shi a kan rairayi.

Ta uku ita ce ta gida. Gero yana shiga rumbu a ƙarshen Satumba da Oktoba, lokacin da farashinsa ya fi faɗuwa. Manomin albasa na kwarin Tarka ko na Majiya yana zuba kuɗi a ƙasa daga Oktoba zuwa Disamba, iri da taki da man injin ban-ruwa, ba ya ganin ribarsa sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ma kasuwa ta cika, buhu ya yi arha, kuma wanda ke iya ajiye albasarsa a rudu har damina shi ke cin farashi mai kyau. Ƴan ci-rani kuwa bayan girbi suke tashi zuwa Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya, kuma saƙonsu na farko ba ya zuwa sai sun biya kuɗin mota sun samu abin yi.

Idan aka jera ukun, za a ga cewa watannin da sabon ɗalibi ya fi buƙatar kuɗi, na rajista da haya da katifa da littattafai, su ne watannin da gida ya fi ƙarancin tsabar kuɗi. Abin da ke biyo baya sananne ne: a sayar da gero da arha a kaka, a sake sayensa da tsada a Yuli, ko a ci bashi da sunan albasar da ba ta nuna ba.

Maganin ba ya wuce shiri tun da wuri. Tun yaro yana ajin ƙarshe na lise, a ware wani abu daga cinikin albasar bazara, ko a ɗaure rago ko ɗan maraƙi da sunan karatunsa. A lissafa aƙalla zangon farko gaba ɗaya kamar babu burs. In ta zo, ta zama ta gaba. A kuma raba nauyi tun kafin tafiya, a san wanda ya ɗauki haya da wanda ya ɗauki abinci, da bakin kowa. Kamfanonin aika kuɗi irin su NITA, Al Izza da Amana sun sauƙaƙa saƙo, kuma aika kaɗan a kan rana tsayayya kowane wata ya fi aika mai yawa sau ɗaya. Tsaba ma kuɗi ce: buhun gero, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa da gabu daga gida suna rage abin da za a kashe a kasuwar birni, kuma ɗan Keita ko Buza yana da wannan damar da ɗalibin Yamai ba shi da ita.

Ina za a kwana?

Masauki iri uku ne. Na farko shi ne ɗakunan jami'a, ƙarƙashin hukumar CROU, wadda ke kula da kwana da abinci da lafiyar ɗalibai. Shi ne mafi arha, sai dai gadaje ba sa isar kowa, kuma sabon shiga bai kamata ya taho da tabbacin zai samu ba.

Na biyu shi ne gidan dangi ko aminin uba. Da wuya a samu gida a Adar da ba shi da wani a Tawa, ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko malami. Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma ɗalibi ba na kwana uku ba ne. Kafin a tura yaro, uba ko kawu ya je da ƙafarsa ya gana da maigidan, a yi magana a fili: ɗaki nawa ne a gidan, da wa zai kwana, akwai wurin da zai yi karatu da dare, me iyayensa za su riƙa aikowa. Yawancin saɓanin da ke raba zumunci yana fitowa ne daga abin da aka ji nauyin faɗa tun farko. Ɗalibin da ya zama ɗan aiken gida ko mai tsaron shagon maigida yana rasa darussan safe ba tare da kowa ya yi niyyar cutarsa ba.

Na uku shi ne haya, yawanci mutum biyu zuwa huɗu ƴan gari ɗaya su haɗa kuɗi. Masu gidaje sukan nemi kuɗin wasu watanni a gaba, dillali ma yana da nasa. Kafin a biya, a tambayi abu huɗu. Mitar wuta ta ɗakin ce ko ta gidan duka, kuma yaya ake raba kuɗin? Akwai famfo a gidan, yana kawo ruwa da bazara, ko sai an saya wurin ƴan garuwa? Nawa ne kuɗin kabu-kabu ko adaidaita zuwa makaranta, zuwa da dawowa, sau 20 ko fiye a wata? Idan aka tafi hutu, za a ci gaba da biya? Ɗaki mai arha a ƙarshen gari yana iya fin na kusa tsada idan aka haɗa da kuɗin hawa. A karɓi takardar shaida ga duk kuɗin da aka bayar, ko da rubutun hannu ne a gaban shaidu biyu.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce da zafi. Kaso mai yawa na wutar yankin daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da aka yanke ta a Agusta 2023 har zuwa Maris 2024. Ƙaramar fitila mai cajin rana da gidan sauro suna cikin kayan da suka fi amfani a jakar ɗalibi.

Takardu

Rajista da neman burs suna buƙatar takardar haihuwa, ko wadda alƙali ke bayarwa a madadinta, da takardar zama ɗan ƙasa, da shaidar bakaloriya da takardar maki, da hotuna. Ana neman kwafin da hukuma ta buga wa hatimi, don haka a yi da yawa tun a gida, inda layi bai kai na Tawa ba lokacin buɗe makarantu. Abin da ya fi jawo wahala shi ne bambancin rubutun suna: Mahamadou a wannan takarda, Mamadou ko Mohamed a waccan, ko ranar haihuwa da ba ta zo ɗaya ba. Gyaran yana komawa kotun da ke gundumar haihuwa, yana kuma cin lokaci. A jera takardun a kan tabarma a karanta su harafi bayan harafi kafin a tashi. Ranakun rajista da sharuɗɗa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar jami'a da ta ANAB ta bana ita ce abin bi, ba labarin wanda ya shiga bara ba.

Idan yarinya ce

A gidaje da yawa, buɗe jami'a a Tawa shi ya sa aka yarda ƴa mace ta wuce lise. Uban da ba zai tura ƴarsa Yamai ba yana iya yarda da garin da zai je ya dawo a yini ɗaya. Amma nauyin masauki ya fi faɗawa kanta. A gidan dangi, ita ce ake fara kira ga girki da wanki da reno, kuma ba ta da bakin ƙi. Iyaye su faɗa wa uwargidan a fili cewa karatu ya kawo ta, su kuma tabbatar kuɗin hawanta da na buƙatunta suna isa hannunta kai tsaye, don kada rashin kuɗin kabu-kabu ya sa ta dogara da wanda bai dace ba. Idan akwai maganar aure, a yanke ta tun farko: za a jira lisans, ko mijin ya amince a gaban manya cewa za ta ƙarasa.

Kusa da gida, kusa da tasha

Kusanci yana da nasa tarko. Ɗalibin Yamai ba a kiransa suna ko biki ko noman fari. Na Tawa ana kiransa, domin mota ɗaya ce. Kowace tafiya tana cin kuɗi da darussa, kuma idan shekara ta zarce cikin damina, jarrabawa tana iya faɗowa daidai lokacin da gona ke neman hannu. Gara a ɗauki ɗan ƙwadago na kwana biyu da a ɗago ɗalibi daga zangon jarrabawa.

Ɗaya tarkon shi ne tasha. Adar ƙasar ci-rani ce tun kaka da kakanni, kuma saurayin da ke lissafin kuɗin kwafin darasi yana ganin sa'o'insa sun dawo daga Abijan da babur da waya. Tawa kuma tana kan hanyar Agadas, inda motoci ke wucewa arewa kullum. Idan kuɗin gida ya yanke wata biyu, burs ba ta fito ba, makaranta tana yaji, shawarar ajiye karatu ba ta da wuyar yankewa. Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan gunduma ɗaya suna taimakawa a nan: su ne ke tarbar sabon shiga, su nuna masa ofisoshi, su ba shi tsofaffin darussa, su kuma sanar da gida idan sun daina ganinsa a aji. Yana da kyau uba ya riƙe lambar ɗaya daga cikin manyansu.

Me kwaruruka za su samu?

Yankin nan ya san amfanin ilmi a gona. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare amfanin gona daga iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984 aka fara babban aikin Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumomin FAO da PAM, inda aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun ruwa, aka farfaɗo da fako, kuma mata ne suka ɗauki kaso mafi girma na duwatsun da aka jera. Waɗannan ayyuka suna buƙatar masu kula da su, kamar yadda ƙungiyoyin manoman albasa ke buƙatar mai iya lissafi da karanta yarjejeniya, ma'aikatun magajin gari ke buƙatar masanin dokar filaye, makarantun ƙauye kuma ke buƙatar malamin da zai zauna. Fannonin da ake koyarwa a Tawa sun yi daidai da waɗannan guraben.

Lisans ba ta ba kowa tabbacin aikin gwamnati, kuma bai kamata a ɓoye wa yaro wannan ba. Abin da ke hannun iyali shi ne su ga ya kai ƙarshen shekara 3 ba tare da yunwa ko rashin wurin kwana sun kore shi ba. Zuwa da kai ya fi saƙo: wanda ke da ɗa ko ƴa a ajin ƙarshe bana, ya samu rana guda ya je Tawa tun kafin sakamako ya fito, ya ga ɗakin, ya gana da mai masauki, ya tambayi kuɗin hawa, sannan ya dawo gida a zauna a yi lissafi.